Reshen da Na Jefa a Teku

Mutumin da ya yi alkawarin tarbata a filin jirgi bai zo ba, kuma har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba. Muryarsa kawai na sani ta waya, murya mai sanyi irin ta masu wa'azi. Shi ne dillalin da ya shirya mini takardun zuwa Ingila aikin kula da tsofaffi, bayan na yi shekara tara ina allura da wanke ciwo a ƙaramin asibitin da ke kusa da ƙauyenmu, can Gubuchi ta ƙasar Makarfi. Gonar raken da na gada ta wajen uwa na sayar na ba shi. Da na bi adireshin kamfanin da ke jikin takardata, sai na iske wata ƙofa ce a kulle a saman shagon aski. Mai askin ko kai bai ɗaga ba ya ce mini ba ni ne na farko ba, in ja masa ƙofa in zan fita, sanyi na shigowa.

Zangona na farko ke nan, babban birni, wata biyu da rabi. Mu shida ne a ɗaki ɗaya, duk waɗanda aka yi wa irin abin da aka yi mini, muna kwana bi da bi a kan katifa uku. Idan matata Binta ta kira ta bidiyo, sai in ruga waje in tsaya jikin wani gini mai kyau kafin in ɗauka. Wata rana ta ƙura mini ido ta ce, "Baban Hafsa, ka rame." Na ce sanyin ƙasar ne ke tsotse mutum. Ta ce, "To." Irin to ɗin nan na mata da ke nufin na ji ƙaryar, mu wuce wurin.

Wanda Allah ya turo mini wani direban bas ne, Malam Yakubu, Bahaushen zangon Kumasi. A ƙofar masallaci ranar Juma'a ya ji ina zazzaga wa wayar dillalin masifa, alhali ba wanda ya ɗauka. Ya dafa kafaɗata ya ce in bar zagin na'ura, in zo mu ci shinkafa. Shi ya nemo mini wani gidan tsofaffi a can ƙuryar kudu maso yamma da ke neman ma'aikata, kuma suka yarda su karɓi takarduna. Ya saya mini tikitin jirgin ƙasa, ya cire rigar sanyinsa ya ba ni a tasha. Ban taɓa yi masa komai ba a duniya, ko sunan babansa ban sani ba.

Na shiga jirgi da safe, na yi ta tafiya har layin dogo ya ƙare, sannan na hau bas. Garin ɗan ƙarami ne, a manne jikin tudu, gidaje na gangarowa har bakin teku inda ake ɗaure jiragen masunta. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ba, na tsaya da jakata ina kallon ruwa har inda ido ya gaza. Watan Janairu ne, iska kamar ta yanke kunne.

Aiki na samu, na yamma zuwa dare, amma ɗakin haya a garin ya fi ƙarfina. Ina kwana a ɗakin hutun ma'aikata, shugabarmu tana kawar da kai, har wata mata mai shagon burodi, Rozi, ta lura kullum jakata na bayana. Ta nuna mini wata 'yar takarda a jikin tagarta. Ana neman wanda zai zauna da wani dattijo a gidan ƙarshe na saman tudu, ɗaki kyauta, sharaɗin kawai ya taimaka masa da safe, ya kuma fita da karensa yawo kullum. Na karanta har wurin kare, sai na tsaya cak.

Dattijon sunansa Tom, tsohon masunci, shekara tamanin da ɗaya. Ni dai bakina bai iya kiran sa'an kakana da gatsal ba, Baba Tom nake ce masa. 'Yarsa Helen ce ta yi mini bayani, ta zo daga wani gari mai nisan awa huɗu a mota. Ta ce a lokacin kaka, kafin shigowar sanyi, ya faɗi ya karya ƙugu, an yi aiki ya warke, yana tafiya da sanduna biyu a cikin gida, amma tun daga ranar bai sake taka ƙofar waje ba. Ta ce ta ba shi zuwa ƙarshen sanyi. In bai fara fita ba, ta riga ta kama masa wuri a gidan tsofaffin da nake aiki, a sayar da gidan, kare kuma a nema masa wasu masu riƙo. Duk a gabansa take faɗa, yana zaune yana kallon taga. Ni ne na riƙa jin kunya a madadinsu.

Na san gidan da take nufi ciki da waje. Tsaf yake, akwai ɗumi, ma'aikata na ƙoƙari, ni ma ina cikinsu. Amma na ga yadda mutum ke shigowa da surutunsa da gardamarsa, bayan wata uku ka same shi a jere da saura gaban talabijin, ba ya ko tambayar ranar mece ce. Kuma ba a shiga da kare. Ban so wa Baba Tom haka ba, kuma kar in yi ƙarya, ban so wa kaina komawa ɗakin hutu ba.

Saura matsalar Bobi. Ƙaton kare ne baƙi, mai yawan miyau da son mutane. Ni kuwa ɗan gidan malamai ne, a zauren babana aka yaye ni da allo. A wurinmu kare na mafarauta ne da Fulanin rugga, in ya shigo unguwa jifa yake sha. Satin farko na ware tufafin yawo daban, na salla daban, ina riƙe igiyar da yatsa biyu, in ya matso in yi tsalle. Da abin ya ishe ni na kira babana, na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na yi ta kewaye-kewaye kafin in fito da maganar.

"Allah gafarta Malam, aikin da na samu har da jan kare."

Ina jin karatun ɗalibai a bayansa. Ya ce, "Yana cizo?"

"A'a, lasa yake yi."

"To ka ware masa kwanonsa, ka wanke hannunka, ka yi sallarka. Abin da muka karanta ke nan, kai ma ka karanta. Ba najasa ke damunka ba, Shu'aibu, kar a ji a Gubuchi ne ke damunka. Dabba ce aka ba ka amana, ka riƙe ta da kyau."

Haka na ci gaba da fita, kullum bayan asuba. Gidan shi ne na ƙarshe, don haka ta baya muke bi, wata siririyar hanya a kan gaɓar dutse, mu gangara wani lungu mai yashi inda Bobi ke shiga ruwa, sannan mu zagayo ta cikin gari mu hau tudu. A hankali na san mutanen safiya. Rozi ta ga hannuwana sun farfashe ta ba ni safar hannun mijinta. Mai share titi yana ɗaga mini tsintsiya. Mutum ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wani tsoho mai jar fuska da ke zama a benci wajen jiragen, ana ce masa Pita. Kullum sai na gaishe shi, kullum sai ya bi ni da ido, ya bi karen da ido, ko uffan. Ni kuma ina da saurin yanke wa mutum hukunci, Binta ta sha faɗa mini. Na rubuta shi a raina cikin waɗanda ba sa son ganin baƙar fata a garinsu.

Wajen watan Afrilu ƙasar ta canza. Itatuwan da na ɗauka sun mutu suka fara tofo, furanni rawaya suka rufe gefen hanya, tsuntsaye suka dame mu da kuka tun duhu. A nan kewar gida ta kama ni sosai, don na san a daidai lokacin ana sharar gona a wurinmu, ana kallon gabas ana jiran ruwan shuka, ni kuwa ko gonar ba ni da ita. Akwai safiyar da na zauna a kan dutse na yi kuka sosai. Bobi ya zo ya ɗora haɓarsa a gwiwata, ban ture shi ba. Tun daga ranar na daina riƙe igiya da yatsa biyu.

Baba Tom kuwa ko ƙofa. Na yi lallashi, na yi dabara irin ta asibiti, na ce likita ya ce, duk a banza. Keken guragun da Helen ta saya yana cikin sito, ya ce ranar da aka gan shi a kai a tabbata gawa ce. Sai a satin ƙarshe na Afrilu ya fara wasu abubuwa da ban gane ba. Ya sa na goge masa wata farar riga. Ya sa na goge zoben ƙarfen da ke jikin ƙofar gida har yana ƙyalli. Na tambaye shi ko baƙi za a yi, ya ce in yi abin da aka sa ni. Na ji ana maganar wani biki na ɗaya ga watan Mayu a wurin aiki, amma ban sa kunne ba, na ɗauka shaye-shayensu ne da bai shafe ni ba.

Ranar ɗaya ga wata na idar da salla, gari ya fara haske, na saka wa Bobi igiya. Sai na ji motsi a ƙofar gaba. Na leƙa ta taga, na hango bayan mutum yana gangara layi a hankali yana dafa bango. Pita ne, ko a mafarki na san hularsa. Na buɗe ƙofa. A jikin zoben nan da na goge an ɗaure wani reshe mai ɗanyen ganye, an naɗe gindinsa da jan ƙyalle, an ƙulle da igiya ƙulli a kan ƙulli.

Duk wanda ya tashi inda na tashi ya san abin da zuciyata ta faɗa mini. Tun ina yaro nake ganin mutane na shigowa zauren babana da sassafe, jiki na rawa, riƙe da abin da suka tsinta a ƙofar gida ko a bakin gona, ƙulli da jan ƙyalle. Mutumin da ba ya amsa gaisuwarka ya hawo tudu kafin gari ya waye, ya ɗaura abu a ƙofarka ya sulale, ai ba sai an yi maka fassara ba. Ban ma tsaya tunanin ko Turawa na yin asiri ba. Na ce ko ni ake nufi in bar garin, ko dattijon da ya ajiye ni. Babana yakan kwantar wa mutane da hankali, ya ce su yi addu'a su jefa abin a ruwa mai gudu su manta da shi. Na yi ƙoƙarin kwance ƙullin ya ƙi, na ɗauko wuƙar kicin na yanke igiyar. Na ja ƙofa a hankali don kar Baba Tom ya tashi ya gani hankalinsa ya tashi. Har ina yaba wa kaina.

Muka bi ta baya zuwa lungun yashi, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na wulwula reshen na cilla cikin teku. Kafin in sauke hannu Bobi ya faɗa ruwa, ya iyo, ya dawo da shi a baki ya ajiye a gabana yana kaɗa wutsiya. Na ce, "Kai, Bobi, ba wasa nake ba." Na sake jefawa, ya sake kawowa. A na uku na ɗaure shi a jikin dutse, na hau can ƙarshen gaɓa inda ruwa ke ja da ƙarfi na sake shi. Na tsaya har jan ƙyallen ya ɓace, karen na ta haushi kamar an ƙwace masa nama.

Da muka zagayo cikin gari, gidan farko da na gani akwai reshe a ƙofarsa, da jan ƙyalle. Na biyu ma haka. Na tsaya a tsakiyar titi na duba layin har ƙasa, kusan kowace ƙofa kore shar. Na ja Bobi muka ƙarasa cikin gari.

Rozi na ƙofar shagonta cikin fararen kaya, ganye a gashinta. Ta ce, "Shu'aibu, Tom ya ga nasa?"

Na ce mata ban gane ba, mene ne wannan ɗin.

Ta yi mini bayani tana jera burodi. Ta ce al'adar garin ce tun kakanni. Daren ƙarshe na Afrilu maza kan shiga kurmi su saro rassan da suka yi sabon ganye, kafin rana ta fito a ɗaura wa kowane gida, alamar sanyi ya wuce kuma mutanen gidan sun ga wucewarsa. Gidan da ba kowa kawai ake tsallakewa, wanda masu shi suka mutu ko suka tashi. Ta ce Baba Tom ne ya shugabanci masu ɗaurin shekaru da yawa. Bana matasa suka ce su za su kai nasa, Pita ya ce ba wanda zai ɗaura wa Tom reshe sai shi, ga gwiwoyinsa duk sun lalace. Tare suka yi kamun kifi tun suna samari.

Na ce, "Amma mutumin nan ko gaisuwa ba ya amsawa."

"Ai ba ya ji. Injin jirgi ya cinye masa kunne. In ba ihu ka yi masa ba, bakinka kawai yake gani yana motsi."

Ban san sadda na bar wurin ba. A kan tudu na tsaya jikin wani shinge, har na kama reshe zan karya in je in ɗaura kafin ya tashi. Gaskiya ba tsoron Allah ne ya fara hana ni ba, tsoron kar ya gane ne, don ba irin itacen ba ne kuma ba ni da ƙyallen. Tsoron Allah daga baya ya iso. Na saki reshen na ƙarasa.

Na makara. Ƙofa a buɗe take, Baba Tom na zaune a kujerar zaure cikin farar rigarsa, ya taje gashi, waya a cinyarsa. Daga inda yake ana hango ƙofar maƙwabta da nasu ganyen.

Ya ce, "Na kira Helen, ta taso. Na ce mata na yarda, ta zo da takardun." Muryarsa lafiya lau, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. "Ban taɓa tsallake gidan da ke da mai rai a ciki ba, ko muna faɗa da shi. Tunda sun lissafa ni cikin waɗanda suka tafi, gara in tafi."

Na durƙusa a gabansa yadda zan durƙusa wa babana. Na ce, "Baba, ba su tsallake ka ba. An ɗaura. Ni na yanke na jefa a teku."

Ya dube ni ya daɗe. Na faɗa masa komai, zauren babana, jan ƙyalle, ruwa mai gudu, har da yadda Bobi ya dawo da shi sau biyu. Ina magana ina jin yadda abin ke fita kamar zancen mahaukaci. Na sa rai zai ce in tattara kayana, kuma da ya faɗa ba zan ga laifinsa ba.

"A ƙofata," in ji shi. "Da wuƙata."

"Eh, Baba. Ka yafe mini."

"Wa ka gani?"

"Pita."

Ya ce ƙarya ne, Pita bai hau tudun nan ba tun ranar jana'izar uwar Helen, shekara uku ke nan, ƙafarsa ba za ta iya ba. Na tashi na duba zoben, ashe guntun igiyar na nan da ƙullinta, don ta gefe na yanka. Na zare na miƙa masa. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya kai kusa da ido.

"Ni na koya masa ƙullin nan a jirgin babana," ya ce. "Shekara sittin, har yau a karkace yake yin sa." Sannan ya ce, "Ya hawo har nan, bai ƙwanƙwasa ba. Tsohon banza." Ya share fuska da hannun farar rigar da na sha wahalar gogewa. "Ɗauko keken nan."

Na ce, "Wane keke?" don in tabbatar.

"Keke nawa ne a gidan? Kuma kai za ka faɗa masa abin da ka yi, da bakinka."

Haka muka gangara, ina riƙe da keke da ƙarfi kar ya ƙwace mini, Bobi na gaba. Kafin mu kai ƙasa an fara kiɗa, ganguna da wani abin kiɗa da ake matsawa a buɗe. Mutane cikin fararen kaya, yara da furanni a ka, jiragen ma an yi musu ado da ganye. Wata mata ta fara hango shi ta kira sunansa, sai ga mutane sun yanyame mu, wannan ya kama hannu, wannan ya sumbaci goshi. Shi kuwa sai faɗa yake, wai an ɗaura na gidan wane a karkace, wai masu ganga na sauri.

Pita na bencinsa. Suka kalli juna. Baba Tom ya nuna ni da haɓa. Na fara bayani a hankali, Pita ya kama kunne ya ce me. Na ƙara murya, ya ce me. Ƙarshe dai da ihu na faɗa, a gaban rabin garin, cewa na ɗauka asiri ya yi mana, na yanke reshensa na jefa a teku. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har zufa na yi cikin wannan iska. Pita ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yankewa ka yi? Ai guntun bakin za ka ja, da kansa yake kwancewa." Aka fashe da dariya, har da Baba Tom, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Pita ya zare ganyen da ke hularsa ya soka wa Baba Tom a aljihun riga, ya matsa gefe a benci ya ce masa wurin nan kullum ƙarfe shida na safe babu kowa a kai. Sannan ya miƙo mini hannu, hannu kamar icen turmi. Rozi ta maƙala mini nawa ganyen a rigar sanyin da Malam Yakubu ya ba ni, na bar shi.

Helen ta iso bayan azahar, ta tarar da gida a rufe, ta biyo kiɗa a firgice. Ta tsaya daga nesa tana kallon babanta yana cin kifi a takarda yana gardama. Na ɗauka magana ta ƙare. Amma da yamma ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Na ji daɗin yau, Shu'aibu, amma rana ɗaya ce. Gobe ba kiɗa, ba jama'a. Na gaji da kwana da waya a hannu ina jiran a ce ya faɗi shi kaɗai." Ta ce za ta kwana. In ya fita gobe don kansa, za ta kira ta ce a ba wani wurin. In bai fita ba, jibi za su sa hannu. Ta roƙe ni kar in faɗa masa, kar in tashe shi, kar in ko ambaci yawo. Na yi mata alkawari, ina jin haushinta, kuma na san tana da gaskiya.

Washegari aka tashi da ruwa, irin yayyafin nan nasu mai shiga ƙashi. Da na ji shi a rufi na ce shi ke nan, ko ni da ƙafafuna biyu ba na son fita. Na yi salla, na daɗe a zaune ina roƙon Allah kar wautata ta zama sanadin raba bawan nan da gidansa. Na saurara ko zan ji motsi daga ɗakinsa, ban ji komai ba. Na sa rigar sanyi na sauko a hankali.

Yana tsaye a zaure, jingine da bango, cikin tsohuwar rigar ruwansa ta masunta, maɓallan a karkace. Sandunansa biyu na hannu, igiyar Bobi na rataye a wuyansa, karen na zaune a gabansa yana rawar jiki.

"Ka makara," ya ce. "Da ƙafa zan je ƙarshen layi. Daga nan ka tura ni, kafin tsohon can ya ce na ji tsoron ruwa."

Wallahi tun da na baro gida ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Na gyara masa maɓallan kawai, na buɗe ƙofa na fitar da keken.

Tafiyar da ni da Bobi muke yi a minti biyu, ranar ta ci mana kusan ashirin. Taku uku ya tsaya, taku uku ya zagi sandunan. Da muka kai kwanar layi na waiwaya, na hango Helen a bakin ƙofa da rigar barci, ba takalmi, waya a kunnenta. Baba Tom bai waiwaya ba. Ya ce in daina kallon baya in riƙe masa hannu da kyau, gangara ce a gabanmu.